Digirin digirgir: inda aikin ke maƙalewa, da abin da takardar ke ɗora wa mai ita

Ina koyarwa a wata babbar makaranta a jihar Kebbi, kuma na yi digirin digirgir a fannin kimiyyar noma, a kan shinkafar rani ta fadama. Ƙannenmu da ke koyarwa a Birnin Kebbi da Aliero da Argungu da Zuru sukan tambaye ni shekara nawa karatun ke ci. A takarda, zangon karatu shida ne mafi ƙaranci ga ɗalibi na cikakken lokaci, wato shekara 3. A zahiri kuwa da yawa sai sun kai 5 ko 6. Ba ƙarancin basira ke kawo wannan tazara ba. Akwai wurare sanannu da aiki ke tsayawa, kuma kusan duk wanda ya daɗe, a ɗayansu ya maƙale.

Sharuɗɗan shiga ba su da yawa: kiredit biyar na sakandare, digiri na farko, takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, da digiri na biyu mai maki aƙalla 3.5 cikin 5 a mafi yawan jami'o'i. Wanda makinsa bai kai ba, wasu sassan sukan ɗauke shi a matakin M.Phil, wanda ke tsakanin digiri na biyu da na uku, in ya yi ƙoƙari a ɗaga shi zuwa na uku. Abin da ya fi ɓata wa mutane lokaci shi ne takardar sakamako dalla-dalla, wadda tsohuwar jami'arka ce za ta aika da ita kai tsaye, ba a karɓa daga hannunka. Ka nemi a aika tun kafin a fara sayar da fom, ka karɓi shaidar aikawa, sannan ka je makarantar karatun gaba da digiri ka tabbatar ta shiga fayil ɗinka. Akwai wanda zai kai ƙarshen karatu sannan a gano babu ita, a dakatar da komai.

Mutanenmu galibi Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato suke nufa saboda kusanci, wasu Ahmadu Bello a Zariya ko Bayero a Kano. Jami'ar Aliero, wadda aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ta 2013, sun rage wa wasu tafiya. Kafin ka biya ko kwabo, ka tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince wa wannan sashe ya ba da digiri na uku a wannan fanni. Amincewa da jami'a daban, amincewa da shirin karatu daban.

Ni a ganina, mai duba aiki, wato malamin da zai jagoranci bincikenka, ake fara nema kafin fom. Ka karanta abin da ya wallafa a 'yan shekarun nan, ka ga ko hanyarku ɗaya. Ka tambayi ɗalibansa nawa ne a hannunsa, nawa suka gama, kuma babi kan yi mako nawa a teburinsa. Ka lissafa shekarun da suka rage masa: farfesa yana ritaya a shekara 70, sauran malaman jami'a a 65. Ka bincika ko yana shirin tafiya hutun bincike na shekara guda ko ana rade-radin ba shi muƙami, domin malamin da ya zama kwamishina ko shugaban wata makaranta, duk kyan niyyarsa, lokacinsa ya zama na wasu. Sashe zai haɗa ka da mataimaki ɗaya ko biyu. Idan gyaransu ya ci karo, kada ka ɗauki maganar wannan ka kai wa wancan. Ka roƙi babban cikinsu, da ladabi, ya zaunar da ku gaba ɗaya, a yanke magana, ka rubuta abin da aka yanke ka tura wa kowa. Ɗalibin da ke gyara babi guda sau uku don faranta wa mutum uku, shekara yake ƙonawa.

Ma'aikaci kuma kada ya fara sai da takardar izinin hutun karatu a hannu. Malaman manyan makarantun gwamnati suna da damar tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, wanda makarantarka ce ke tura sunanka, ba kai ba, kuma za ka sa hannu a yarjejeniyar dawowa ka yi mata aiki. Kuɗin kashi-kashi suke fita, ana neman rahoton ci gaba mai sa hannun mai duba aiki kafin a saki na gaba. Wanda ya yi sakaci da rahoton nan zai tarar kuɗi sun tsaya daidai lokacin da gona ko ɗakin gwaje-gwaje ke buƙatarsu.

Shekarar farko a yawancin sassa akwai darussa kaɗan da jarrabawa, musamman hanyoyin bincike da ƙididdiga. Wannan ba ya ba mutane wahala.

Inda wahalar take shi ne batun bincike. A digiri na biyu ana yafe maka ka maimaita aikin wani a sabon wuri. A na uku tambaya guda ce za ta bi ka har ranar ƙarshe: me ka ƙara wanda ba a sani ba? Cewa "ba a taɓa yin wannan a ƙaramar hukumar Suru ba" bai isa giɓi ba, wato abin da binciken baya bai amsa ba, sai ka nuna abin da ya bambanta ƙasar Suru ko ruwanta ko manomanta har sakamakon wani wuri ba zai hau kanta ba. Ana gano giɓi ne ta karatu. Ka tattara muƙalun da aka buga a kan batun, sababbi da tsofaffin da suka kafa harsashi, ka yi jadawali: wa ya yi, yaushe, a ina, da wace hanya, me ya samu, me ya ce ya rage. Layin ƙarshen nan ne zai fito maka da batu. Sannan ka rage buri. Manufofi uku ko huɗu sun isa, domin kowace manufa tana da bayanan da za a tattara mata, da nazarinta, da kuɗinta. Wanda ya rubuta bakwai ya ɗaura wa kansa aikin mutum biyu.

Ƙudurin bincike shi ne babi uku na farko: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, da hanyoyin gudanar da bincike. Za ka kare shi a gaban malaman sashe. Ka nemi abokin karatu ya zauna yana rubuta duk gyaran da aka faɗa da wanda ya faɗa, domin kai a tsaye ba za ka riƙe rabi ba. Bayan nan sai a kai taken binciken ga tsangaya da makarantar karatun gaba da digiri a yi masa rajista. Daga ranar, ko kalma ɗaya ka sauya a take sai an sake bin layin amincewa. Saboda haka kada ka cusa sunan ƙauye ko shekara a take in ba dole ba. "Jihar Kebbi" ta fi ba ka sarari fiye da sunan gunduma guda.

Wannan shawara tana da nauyi a yankinmu saboda tsaro. Akwai wuraren masarautar Zuru, da yankuna da dama na Zamfara, da mai bincike ba zai iya shiga da takardun tambayoyi ba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Zamfara gaba ɗaya, har masu tattara bayanai ta waya suka tsaya. Tun a ƙuduri ka ambaci wurin da za ka koma in na farko ya gagara, a amince da shi tare. Kuma babu bayanin da ya kai ran ɗalibi ko na yaran da ya ɗauka aiki.

Bari in daɗe kaɗan a kan gwajin gona, tunda shi na sani da hannuna. Ba a karɓar sakamakon shekara guda, sai an maimaita gwajin aƙalla kaka biyu, domin yanayi na sauyawa. Ma'anar wannan ita ce idan kaka ɗaya ta lalace, shekara ce ta tafi. Kafin shuka ana ɗibar samfurin ƙasa daga wurare da dama na filin, a gauraya, a kai ɗakin gwaje-gwaje. In ka manta har ka zuba taki, babu yadda za a dawo da wannan bayani. Ana raba fili gida-gida, kowane nau'in gwaji a maimaita shi aƙalla sau uku, kuma ƙuri'a ce ke raba wane ya faɗa ina, ba son ranka ba. A gwajin taki, kowane fangali sai da kunyarsa mai kauri da hanyar ruwansa, in ba haka ba ruwa zai kwashi takin wannan ya kai wa maƙwabcinsa, bambancin da kake nema ya ɓace. Irin shinkafa kamar FARO 44 akan dasa shi yana da kimanin mako uku a gadon reno, tazarar santimita 20 kowane gefe. Wanda ya yi reno a tsakiyar hunturu zai ga sanyi ya daƙile shi, lissafin kwanakinsa ya rikice. Ranar girbi ba a haɗa layukan gefe, na tsakiya kaɗai ake aunawa, kuma nauyin hatsi ana daidaita shi ne a kan danshi kashi 14 cikin 100, domin ɗanyen hatsi ya fi busasshe nauyi.

Abubuwan da ke rusa gwaji a fadamunmu sanannu ne. Tsuntsayen jan-baki suna iya share fili a 'yan kwanaki idan shinkafa ta fara nono, don haka raga ko mai kora dole ne a kasafi. Dabbobi suna shiga in babu shinge. Mai gwajin damina yana fuskantar ambaliya, irin ta 2020 da ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar nan. Kuɗin man injin ban ruwa ya ninka tun da aka cire tallafi a 2023, kasafin da aka yi kafin nan ya tashi aiki. Amma ɓarnar da ta fi ciwo ita ce ta ranar girbi: 'yan ƙwadago sun saba tara dami wuri guda, kuma da zarar an haɗa amfanin fangali biyu, aikin wata huɗu ya zama abinci kawai. Ka kasance a wurin da kanka, kowane buhu da lamba a ciki da waje, da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa. Taswirar filin kuma ta kasance a littafi, domin allunan da ka kafa yara za su iya cirewa.

Masu binciken jama'a nasu ƙalubalen daban ne. Ga al'umma mai yawa, jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 yana ba da mutum 384 a matsayin adadin waɗanda za a yi wa tambayoyi, sai ka ƙara wani abu a kai saboda takardun da ba za su dawo ba. Ana gwada takardar tambayoyi a kan mutane kaɗan tukuna, kuma ma'aunin daidaiton tambayoyin akan so ya kai 0.7 cikin 1. Jihar Kebbi ba Hausa kaɗai ake yi ba: akwai C'lela a Zuru, Zabarmanci da Dandanci wajen Kamba, Kambarci a Yawuri, ga Fulatanci. Mutum ɗaya ya fassara tambayoyin, wani daban ya mayar da su harshen asali ba tare da ya ga na farko ba, a kwatanta. Ka bi ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa kafin ka ƙwanƙwasa ƙofar kowa, kuma ka ɗauki mata cikin masu taya ka, domin namiji ba zai shiga cikin gida ya tambayi matan aure ba. Binciken da ya shafi lafiya ko jinin mutane sai da izinin kwamitin ɗa'a kafin a fara, ba a karɓar na bayan fage, kuma mujallu masu daraja suna neman lambarsa. Masu tarihi da adabi su tanadi kuɗin zama a Kaduna saboda Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa, da Sakkwato saboda cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Dattawan da za a yi hira da su kuwa a fara da su, kada a bar su ƙarshe.

Masanin ƙididdiga kafin tattara bayanai ake ganinsa. In ka kai masa bayan an gama, abin da zai iya kawai shi ne ya gaya maka inda tsarin ya karkace. Ko da wani zai taya ka da manhajar ƙididdiga irin SPSS ko R, ka zauna kusa da shi har ka gane dalilin zaɓen kowane gwaji, domin ranar jarrabawa kai kaɗai za ka tsaya. Bayananka su kasance a wuri uku: kwamfuta, filashi, da imel ko ma'ajiyar intanet. Masu ajiye samfuri a firiza su yi tanadin wuta tun farko.

Rubutu ba ya jiran a gama komai. Babin sakamako yana da sauƙi, jadawali ne da bayaninsa. Babin tattaunawa shi ke bambanta digiri na uku da na biyu. Bai isa ka ce sakamakonka ya yi daidai da na wane, ya saɓa wa na wane ba. Sai ka faɗi dalili: me ya faru a ƙasa ko a tsiro ko a rayuwar mutanen da ya haifar da wannan adadi? Sakamakon da ya saɓa wa hasashenka sakamako ne, ka rubuta shi yadda ya zo. Taɓa lamba guda don ta yi kyau cin amana ne, kuma manomi ko majinyaci ne zai ɗauki hasarar a gaba. Manazarta kuma ka tara su da manhaja irin Zotero ko Mendeley tun daga muƙalar farko. Jami'o'i suna saka kundi a manhajar gano satar rubutu irin su Turnitin, kowacce da iyakar da ta yanka, ka tambayi taku da wuri. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuwa suna iya ƙago maka sunan marubuci da muƙalar da babu ita a duniya, don haka duk abin da ba ka buɗe ka karanta ba kada ya shiga kundinka. Masu sayen kundi a rubuce, tambaya ta uku a zauren jarrabawa take tona su.

Sassa da yawa ba sa barin a je jarrabawar ƙarshe sai an wallafa muƙala ɗaya ko biyu daga aikin. Mujalla ta gaskiya takan ɗauki watanni, don haka ka tura ta farko da zarar sakamakon kakar farko ya fito. Wadda ta yi maka alkawarin bugawa cikin mako guda in ka biya, ba ta kai wa kowa ya tantance, kuma kwamitin ƙarin girma zai iya watsar da ita.

Daga nan sai kare kundin a gaban malaman cikin gida, gyara, sannan sashe ya ba da sunan mai jarrabawa na waje, jami'a ta amince, a aika masa kundi. Wannan zango ba ya hannunka, kuma yana iya cin watanni. Yajin aikin ASUU na 2020 ya kai kusan wata 9, na 2022 wata 8, duk wanda kundinsa ke wannan layi a lokacin sai da ya jira. Abin da ke hannunka shi ne rajista: kowace shekara ka biya, ka ajiye rasit, ko da kana ganin ka gama. Shekarar da ka tsallake za a nemi kuɗinta a ƙarshe, wanda kuma ya wuce wa'adi sai ya nemi ƙarin lokaci a rubuce.

Ranar jarrabawar baka za ka yi taƙaitaccen bayani, sannan mai jarrabawa ya bi kundin shafi-shafi. Me ya sa ka zaɓi wannan hanya ka bar waccan? Mene ne gudummawarka, a jimla biyu? Ina raunin aikin? Da za ka sake, me za ka canza? In ba ka san amsa ba, ka ce ba ka sani ba, ya fi kame-kame. In kana da hujja, ka tsaya a kanta cikin ladabi, domin abin da ake aunawa ke nan. Mafi yawa ana cewa an ci bisa sharaɗin ƙananan gyare-gyare, wasu manya, kaɗan a ce su sake gabatarwa. Gyaran yana da wa'adi, kuma mutane da yawa a nan suke sakin jiki, 'yan'uwa sun fara kiran Dakta, walima ta wuce, kundi na kan tebur. Digiri bai tabbata ba sai an sa hannu a gyara, an ɗinke kundi, majalisar dattawan jami'a ta amince.

To me takardar ke nufi? Shaida ce cewa za ka iya ɗauko tambaya, ka tsara hanyar amsa ta, ka kai ƙarshe ba tare da an riƙe maka hannu ba. Ta yi kama da ijazar da malaman zaure ke ba almajiri: izini ne na karantar da abin da ka karanta, a littafin da ka karanta, ba dukkan ilimi ba. Ni na san shinkafar fadama, amma in aka tambaye ni cutar shanu, likitan dabbobi zan nuna. A garuruwanmu da an ji Dakta za a kawo maka takardar asibiti da rikicin gado da shawarar siyasa, kuma ana ɗaukar maganarka da nauyin da ba ta da shi a da. Wannan ya sa faɗin "ba fannina ba ne" ya zama wajibi a kanka fiye da kowa.

Digirin girmamawa kuma wani abu ne daban. Karramawa ce, ba karatu ba, kuma tun 2012 shugabannin jami'o'in ƙasar nan suka yi matsaya a Keffi don taƙaita yadda ake rabon sa. Ina ganin daidai ne jama'a su san bambancin, saboda yaron da ke tasowa ya san wace hanya ce ke kai wa ga wanne.

Ta fuskar aiki, a jami'a sabon mai digirin yakan fara ne daga matakin malami na biyu, kuma a yawancin jami'o'i ba a kai babban malami ba tare da shi ba. Daga nan ƙarin girma wallafa yake bi da shekarun aiki, takardar kaɗai ba ta ƙara komai. A ma'aikatun gwamnati tasirinta a albashi kaɗan ne, wanda zai shiga don kuɗi ya yi lissafi da kyau. Nauyin da ke zuwa nan take shi ne ɗalibai: za a miƙo maka masu digiri na biyu, kuma duk jiran da ka sha a ƙofar wani, yanzu kai ne ke da ikon ɗora shi ko sauke shi daga kan na bayanka.

Shekara biyu na farko bayan gamawa su ne lokacin fitar da sauran muƙalu daga kundin, kafin bayanan su tsufa kuma darussa su danne ka. A lokacin ne ya kamata ka nemi ƙaramin tallafin bincike na TETFund da ake bayarwa ta hannun makarantu, domin da shi ake gina tarihin da zai kai ka ga babban asusun bincike na ƙasa. Mu na fannin noma akwai ƙarin aiki guda: shawarwarin da ke babin ƙarshe a mayar da su shafi ɗaya cikin Hausa, da mudu da buhu da kwanakin wata, a kai wa malaman gona na KARDA, hukumar raya noma da karkara ta jihar Kebbi, da shugabannin manoman da suka ba da filinsu aka yi gwajin.